Biza ba takardar zama ba ce: Karanta wannan kafin ka sayar da filin gado

Duk mai hawa TikTok ko Facebook ya san irin bidiyon nan. Matashi ne cikin ƙatuwar rigar sanyi, dusar ƙanƙara na zuba a bayansa, yana washe baki yana cewa, "Alhamdulillahi, mun sauka lafiya." Ko kuma wata 'yar uwa ce a harabar Harami ta rubuta, "Allah Ya kira mu, saura ku." Kafin gari ya waye ɗaruruwan mutane sun yi layi a ƙasan bidiyon: "Don Allah yaya aka yi?" "Nawa ka kashe?" "A taimaka min da lambar ejan ɗin."

Akwai tambaya ɗaya da ba a cika yi ba, alhali ita ce uwa: wace irin takarda ce a hannunka, kuma ran nawa ga wata za ta mutu?

'Yan Kudu suna ce wa abin "japa". Mu nan ci-rani muka sani tun kaka da kakanni, kuma fita neman halali ba abin kunya ba ne. Wanda ya gama karatu shekara huɗu yana zaman majalisa, ga tsadar rayuwa, ba za ka ga laifinsa ba idan ya fara hangen waje. Matsalar ita ce da yawa suna sayar da fili, ko adaidaita sahu, ko 'yan kunnen gwal na mahaifiya, su miƙa wa ejan, ba tare da sun san abin da suka saya ba.

Zaure, ɗakin haya da ɗan gida

Abubuwa uku ne muke cakuɗawa, mu kira su duka "takardu".

Na farko biza. Ita izinin shiga ce kawai, don wani dalili da aka ambata, zuwa wani lokaci da aka yanke. Kamar ka yi sallama ne maigida ya ce ka shigo zaure, ya shimfiɗa maka tabarma. Ko da biza a fasfonka, jami'in shige da fice na filin jirgi yana da ikon ya juyo da kai idan bayaninka bai gamsar da shi ba.

Na biyu izinin zama. Wannan kamar ka kama ɗakin haya ne a gidan. Kana kwana kana tashi, amma da sharaɗi: aikin da ya kawo ka, ko karatu, ko aure. Ranar da sharaɗin ya warware, zaman ma ya fara girgiɗi. Wasu ƙasashen suna ba da izinin zama na dindindin bayan wasu shekaru.

Na uku zama ɗan ƙasa. A nan ka zama ɗan gida, da fasfon ƙasar, da ƙuri'arka.

Tsakanin zaure da zama ɗan gida akwai tafiyar shekaru, a wasu ƙasashen ma ba hanya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bari mu duba ƙasashe uku da matasanmu suka fi ambata.

Saudiyya: igama a hannun kafili

Nan ce ta fi kusa da zuciyarmu, nan ce kuma aka fi yi mana rufa-ido. Bizar Umara ta ibada ce, zamanta bai wuce kwana 90 ba, kuma ba a yarda ka yi aiki da ita ba. Duk ejan da ya ce miki, "Ki shiga da ta Umara, in kin je za a juya miki ita," rayuwar ɓuya yake sayar miki. Wanda ya wuce wa'adi yana fuskantar tara da tsarewa, a ɗauki hoton yatsunsa, a yi masa tarhil zuwa gida, a kuma hana shi komawa na tsawon lokaci. Kusan kowace unguwa a Kano akwai wanda aka dawo da shi daga shi sai kayan jikinsa.

Takardar zama ta gaskiya ita ce iƙama, wadda mutanenmu ke ce wa igama, kuma tana ɗaure ne da kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki. A watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta wannan tsari, ma'aikatan kamfanoni suka samu damar sauya wajen aiki bisa wasu sharuɗa ba sai da yardar kafili ba. Sai dai sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, kuma irin waɗannan ayyukan ne aka fi kai 'yan uwanmu. Idan zama ya yi tsami kika bar gidan, kafili yana iya kai rahoton kin gudu, daga nan kina iya komawa marar takarda.

Akwai izinin zama da ba ruwansa da kafili, wanda aka ɓullo da shi a 2019, amma na masu hannu da shuni ne: riyal 800,000 na dindindin, ko riyal 100,000 duk shekara.

Zama ɗan ƙasa fa? A Saudiyya ta wajen uba ake gadonsa, haihuwa a can kaɗai ba ta ba da shi. Wani zai ce, to Hausawan Makka fa? Gaskiya ne, akwai 'yan ƙasa masu laƙabin Hawsawi, irin su Osama Hawsawi da ya riƙe kambun kyaftin na Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Amma kakannin irin waɗannan gidaje sun je ne tun zamanin da ake tafiya Hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan. A garin na Makka kuma akwai waɗanda aka haifa a can, suka haifi nasu 'ya'yan a can, har yau ba su da takardar ko'ina. Saboda haka mai niyyar Saudiyya ya tafi da lissafin cewa aiki zai yi ya dawo.

Ingila: ƙofar tana ƙara tsukewa

Wanda ya ba ka labarin yadda ya shiga Ingila a 2022 ba ƙarya yake yi ba, amma dokar da ya shiga da ita ta canza.

Daga Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba sa iya tafiya da mata ko miji da 'ya'ya, sai masu digirin bincike irin na dakta da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. A watan Maris na shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya tafiya da iyali. Ranar 22 ga Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko irin waɗannan ma'aikata daga ƙasashen waje gaba ɗaya. Don haka duk wanda ya tallata maka "bizar kula da tsofaffi" ta Ingila daga nan gida, ka riƙe kuɗinka.

Ɗalibin da ya gama digiri yana iya samun izinin zama na shekara 2 don neman aiki, mai dakta shekara 3. An riga an sanar cewa daga Janairun 2027 shekara biyun za ta koma wata 18. Kafin wa'adin ya cika dole ka samu kamfani mai lasisi da zai ɗauki nauyinka, kuma mafi ƙarancin albashin da ake nema a yawancin ayyuka ya kai fam 41,700 a shekara tun Yulin 2025. Takardar ɗaukar nauyin nan kamfani ne ke biyan kuɗinta. Idan aka ce ka kawo miliyoyi a sayar maka da ita, akwai lauje cikin naɗi.

Da bizar ƙwararrun ma'aikata ana neman izinin dindindin ne bayan shekara 5, kuma shekarun da ka yi kana ɗalibi ba sa cikin biyar ɗin. A watan Mayun 2025 gwamnatin ƙasar ta bayyana shirin mayar da wa'adin shekara 10. Bayan izinin dindindin yawanci sai ka ƙara shekara guda, ka ci jarrabawa kan rayuwar ƙasar, sannan ka nemi fasfo. Masu tunanin zuwa haihuwa kuma su sani, tun 1983 haihuwa a Ingila kaɗai ba ta mayar da jariri ɗan ƙasa.

Jamus: harshe da sana'a

Jamus tana fama da ƙarancin ma'aikata, shi ya sa ta ɗan buɗe ƙofa. Ranar 1 ga Yunin 2024 ta fara ba da wani kati da suke kira Chancenkarte, wato katin gwada sa'a. Yana ba ka damar zama har shekara guda kana neman aiki, kana kuma iya yin aikin wucin gadi na awa 20 a mako. Ana buƙatar digiri, ko koyon sana'a na aƙalla shekara 2 da hukuma ta amince da shi, da ɗan Jamusanci ko Turanci mai ƙarfi, da shaidar kuɗin da za ka ci da kanka. Idan Jamus ba ta riga ta amince da takardar karatunka kai tsaye ba, sai ka tara maki 6 daga abubuwa kamar shekarunka da gogewar aiki da harshe.

Akwai kuma Ausbildung, tsarin koyon sana'a da ake biyan mai koyo alawus duk wata, a fannoni irin su jinya da wutar lantarki da kanikanci. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, amma tun Satumban 2024 ɗalibi sai ya nuna Yuro 11,904 na shekara guda, galibi a wani asusu da ake kullewa ana sakar masa kaɗan-kaɗan duk wata.

Daga 27 ga Yunin 2024 an rage shekarun neman zama ɗan ƙasa daga 8 zuwa 5, an kuma yarda mutum ya riƙe fasfonsa na asali. Sharaɗi shi ne Jamusancinka ya kai matakin B1, kana ciyar da kanka, ka kuma ci jarrabawar zama ɗan ƙasa. Ta ɓangarenmu ba matsala, domin sashe na 28 na kundin tsarin mulkin 1999 bai hana wanda yake ɗan Najeriya ta haihuwa riƙe fasfo biyu ba.

Ka lura, duk hanyoyin nan abu biyu suke tambaya: me ka iya, kuma kana jin yarensu? Ba ejan ɗin da zai koya maka waɗannan.

Damar da ke aljihunka

Muna yawan mantawa da maƙwabta. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ƙasashe irin su Ghana da Senegal da Kwaddibuwa ba biza, ya zauna har kwana 90. Hausawa sun daɗe suna kasuwanci a zangon Kumasi da Nima ta birnin Accra. Amma ko a nan ƙa'idar ɗaya ce: kwana 90 na shiga ne, wanda zai zauna ya yi sana'a sai ya nemi izinin zama.

Yadda za ka gane tarko

Masu damfara sun san muna gaggawa, da ita suke kama mu. Babu ejan da ke ba da biza, ofishin jakadanci ne ke bayarwa, don haka mai cewa "tabbas ne, ɗari bisa ɗari" ya fara da ƙarya. Mai cewa zai cika maka cacar bizar Amurka kuma, ka sani tun 2013 aka cire Najeriya daga jerin ƙasashen da ke shiga. Wanda ya ce zai haɗa maka takardar banki ta bogi, sunanka ne zai ɓaci ba nasa ba, kuma a Ingila wannan kan jawo haramcin shekara 10. Mai cewa a bi ta Agadas a ratsa sahara zuwa Libiya, wannan da ranka yake ciniki.

A Najeriya kamfanin da ke kai mutane aiki waje dole ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ka ce a nuna maka. Idan kuma ka ga alamar safarar mutane, musamman 'yan mata, hukumar NAPTIP don haka aka kafa ta.

Kafin ka tura ko sisi, ka samu amsar waɗannan a rubuce. Mene ne ainihin sunan bizar? An yarda a yi aiki da ita? Yaushe za ta ƙare, kuma me zai biyo baya? Idan na rabu da wanda ya ɗauke ni aiki, mene ne matsayina? Wa zai riƙe fasfona? Wannan hanyar tana kaiwa ga zaman dindindin, ko a zaure za a bar ni? Sannan ka buɗe shafin intanet na gwamnatin ƙasar da kanka ka gwada abin da aka faɗa maka da abin da ke rubuce. Datar da kake ƙonawa a kallon bidiyon masu rigar sanyi ta isa wannan binciken. Ka kuma duba kwanan wata, domin dokokin nan suna canzawa kusan duk shekara.

Ɗan uwa, 'yar uwa, idan tafiyar ce alheri, shekara guda ta shiri ba za ta hana ta ba. Ka yi fasfonka ta hanyar hukuma, ka karɓo takardun makarantarka, ka samu shaidar sana'ar da ka iya, ka fara koyon harshe ko a wayarka ne. Filin gado kuwa a bar shi inda yake tukuna, domin idan abin bai yi ba, shi za ka dawo ka tarar.

Allah Ya yi mana zaɓi mafi alheri, a gida ko a waje.