ƊUMA JIKI KAFIN JIFA

A shekarar 2015, a birnin Bejin na ƙasar Sin, wani ɗan Kenya mai suna Juliyus Yego ya jefa mashi metir 92 da santimetir 72. Da wannan jifa ya zama zakaran duniya. Mashin gasa na maza giram 800 ne, na mata giram 600. Akwai kuma jifar ƙwallon ƙarfe, kilo 7 da giram 260 ga maza, kilo 4 ga mata.

Gwanin jifa ba ya isowa fili ya kama mashi kai tsaye. Sai ya ɗuma jikinsa tukuna. Ya yi sassarfa, ya jujjuya kafaɗu da ƙugu, har zufa ta fara tsattsafowa. Jini ya zagaya, nama ya yi taushi. Kowane makiyayi ya san busasshiyar igiyar fata, in aka fizge ta da ƙarfi tsinkewa take yi. Haka kafaɗa mai sanyi take.

Amma masana wasanni sun gano wani abu bayan wannan. In jiki ya ɗumi, mai jifa ya ɗaga ƙarfe mai nauyi sau biyu ko uku, ko ya jefa ƙwallon da ya fi na gasa nauyi. Sannan ya huta. Sau da yawa jifar da ta biyo baya takan fi nisa. Dalili kuwa, nauyin yana farkar da jijiyoyi, su kuma su sa naman jiki aiki da ƙarfi. Wanda ya sauke buhun gero ya ɗauki ƙwarya ya san yadda hannu ke jin sakayau.

Wurin hutun nan ne samari ke kuskure. Wanda ya jefa nan take, gajiya ce za ta ci shi. Wanda ya zauna hira ya daɗe, jiki ya huce, aikin ya tashi a banza. Hutun minti 5 zuwa 10 shi ya fi dacewa da yawancin mutane.

Ƙarin nisan ba shi da yawa, kuma ba kowa ke samunsa ba. Ƙaƙƙarfan da ya daɗe yana horo ya fi cin moriyarsa. Sabon shiga kuwa, nauyin yakan gajiyar da shi kawai, yana ma iya yi masa targaɗe. Shi sassarfa da ƙananan jifa sun ishe shi. Da safiyar hunturu, sai ya ƙara musu lokaci.