SURE-P da N-Power: wanne ya kai ga matashin Bukkuyum?

A Najeriya babu dokar da ta wajabta biyan wanda ba shi da aiki wani abu duk wata. Sai dai shirye-shiryen da jam'iyyu ke fitowa da su idan wuta ta yi zafi, kuma biyu daga ciki sun cancanci a ɗora su a sikeli.

SURE-P ta PDP ce. Shugaba Jonathan ya kafa ta a 2012, bayan zanga-zangar cire tallafin mai ta watan Janairu. Ɓangarenta na aikin al'umma ya riƙa biyan naira 10,000 a wata, ba a tambayar digiri: shara, yashe kwata da makamantansu. Inda gizo ke saƙar shi ne sunaye, domin ƙorafin da aka fi ji shi ne sai mai uwa a gindin murhu.

APC ta yi kamfen a 2015 da alkawarin naira 5,000 ga marasa aiki. Abin dariya, a Nuwamban shekarar sanatan PDP ne, Philip Aduda, ya nemi a fara biya, majalisar dattawa mai rinjayen APC ta ƙi. Aka rufe SURE-P, N-Power ta zo a 2016 da naira 30,000 ga masu takardar karatu. An fara da mutum 200,000, aka ƙara 300,000 a 2018, ana dab da zaɓe.

A ganina N-Power ta fi tsabta, tunda rajista ta intanet ta rage ƙarfin ɗan siyasar mazaɓa, makarantun firamare kuma sun samu malamai. Amma ba ta san marar aikin Anka, Gummi ko Bukkuyum ba. Shi manomi ne da 'yan bindiga suka raba da gonarsa. Ba shi da NCE, wayarsa ma sai ya hau tudu take kama sabis. Wajen haƙar zinariya irin na Bagega yake nufa, a yankin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. Ga irinsa, SURE-P da duk aibinta ta fi kusa.

Dukansu kuma ba su da gindi: an sallami rukunan farko na N-Power a 2020, aka dakatar da shirin a Oktoban 2023. Saɓanin haka, a Afirka ta Kudu doka ce ta kafa asusun marasa aiki, ma'aikaci ya zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsa, mai aikin ma haka, ko wa ya ci zaɓe. Duk ɗan takarar da ya zo Gummi da sabon shiri kafin 2027, a tambaye shi wace doka ce za ta riƙe shi bayan ya sauka.