Kafin Ka Sayi Shokozoba Don Daidaita Fikof Ɗinka a Kumasi

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Aboabo ko Asawase da hantsi zai ga fikof iri biyu. Ga wadda bodinta babu kaya, bayanta a ɗage, hancinta a ɗan sunkuye. Ga kuma wadda ta shekara tana dakon masara da doya daga Techiman, gindinta ya zauna, fitilunta na kallon sama. Masu motocin nan sukan nufi Suame Magazine, unguwar makanikai, da magana ɗaya a baki: "Masta, a sa mini sabon shokozoba motar ta daidaita." Da yawansu kuɗinsu kawai suke zubarwa, domin shokozoba ba shi ne ke riƙe da tsayin mota ba.

Sifirin ne ke ɗauke da nauyi. A yawancin fikof da ke yawo a Kumasi, Toyota Hilux ce ko Nissan Hardbody ko Mitsubishi L200, bayan motar yana zaune ne kan sifirin mai falle-falle, wato dogayen ƙarafa da aka jera aka ɗaure. Shokozoba kuwa bututu ne mai mai a ciki, da fistin mai ƙananan ƙofofi. Idan taya ta faɗa rami, fistin ya tura man ta cikin ƙofofin nan, tsallen da sifirin zai yi ya mutu nan take, ƙarfinsa ya koma zafi. Aikinsa ke nan: ya hana mota rawa, ya sa taya ta manne da kwalta. Mai iskar gas a ciki yakan ɗan tura sama, amma abin bai kai a gani da ido ba.

Saboda haka motar da gindinta ya zauna, sifirinta ne ya gaji ko wani falle ya karye. Hilux an yi ta ne don kayan da ba su wuce kimanin tan ɗaya ba, wato buhun siminti 20 mai kilo 50, har da nauyin mutanen da ke ciki. A nan kowa ya san ana wuce haka, kuma sifirin ne ke fara ji a jikinsa. Maganin shi ne sabon sifirin, ko maƙera su sake lanƙwasa tsohon, ko a ƙara falle ɗaya. Suame ta ƙware a wannan aiki, dubban masu sana'a ne a wurin, tun a 1980 ma jami'ar KNUST ta buɗe musu cibiyar koyar da fasaha a cikin unguwar. Sai dai sifirin da aka gasa da wuta ba tare da gwani ba yakan rasa taurinsa, ya sake kwanciya kafin damina ta zagayo.

Ita kuwa motar da bayanta ke ɗage, lafiyarta ƙalau. Da gangan kamfani ya yi ta haka, don idan an loda kaya ta sauko ta daidaita. Matasan da ke son ta tsaya sak don kyan gani a titin gari, gaban suke ɗagawa. A tsohuwar Hardbody da Hilux mai jan ƙafa huɗu ta 1997 zuwa 2004, akan ɗaure kusoshin sandar murɗawa da ke riƙe da gaban. A Hilux ta bayan nan, wadda sifirinta na gaba naɗaɗɗe ne da shokozoba a tsakiyarsa, akan sa zobe a sama, ko a sayi shokozoba mai matakai da ake matsar da mazaunin sifirin a kansu, irin Bilstein 5100. Ko a nan ɗin, mazaunin sifirin ne ya yi ɗagawar.

Ban hana kowa kyan mota ba, amma a san abin da ke biyo baya. Da zarar gaba ya tashi, saitin tayoyi ya kauce, dole a sake shi, in ba haka ba taya ta cinye ta gefe ɗaya. Fitila ta koma dukan idon mai tahowa, wanda a hanyar Tamale da daddare ba ƙaramin haɗari ba ne. In aka wuce kamar inci 2, gaɓoɓin ƙafar gaba suna aiki a karkace, robobinsu su yi ta yagewa. Akwai kuma abin da ba kowane makanike ke tunawa da shi ba. Tsofaffin fikof da yawa suna da wani ɗan bawul a baya mai auna yadda bodi ya sauko, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon kaya. Wanda ya ƙara falle ya ɗaga baya bai gyara saitin bawul ɗin ba, ya taɓa birkinsa bai sani ba.

Idan tsayi ya tsaya inda ake so, lokacin zaɓen shokozoba ya yi. Abu na farko tsawo ne. A auna shi a miƙe, a auna shi a tsuke. Gajere a motar da aka ɗaga zai riƙa ƙurewa duk sanda taya ta sauka rami har ya tsinke mazauninsa. Dogo a motar da ba a ɗaga ba kuma zai daki ƙarshensa a kan kowane tudun rage gudu.

Na biyu, iri. Mai bututu biyu ya fi laushi da araha, kuma ya wadatar da mai zirga-zirga tsakanin Sabon Zongo da Kejetia. Mai bututu ɗaya da gas ɗin naitirojin ya fi saurin huce zafi, mansa ba ya kumfa a doguwar gargada, shi ya dace da mai shiga ƙauyuka ɗauko amfanin gona. Amma yana da tauri, fikof marar kaya takan riƙa dukan ƙugu da shi a cikin gari. Kamfanonin KYB da Monroe suna yin iri biyun, jabunsu ma ya cika kasuwa, don haka a duba lambar da ke jikin ƙarfen ta yi daidai da ta kwali.

Na hannu da ake shigowa da su daga waje, waɗanda ake kira hom-yus, su ne suka fi damuna. Injin na hannu ana iya tayar da shi a ji sautinsa. Shokozoba kuwa an wanke shi an fesa fenti, ba mai sanin kilomita nawa ya ci, ga shi masu ƙera shi irin Monroe suna cewa a fara tuhumarsa daga kilomita 80,000. In ba makawa sai shi, a tsayar da shi a ja a tura sau da yawa. Wanda ya zarce babu turjiya, ko sandarsa ta yi tsatsa, ko mai ya jiƙa wuyansa, a mayar wa mai shi. A canza biyu tare, dama da hagu, da sababbin robobi, kuma kada a ƙarasa ɗaure kusoshi sai an sauke motar daga jak ta zauna kan tayoyinta.