Sauya kamfanin fansho: Abin da ma'aikaci zai duba kafin ya yanke shawara

Malamin makaranta a Manchok, da ke cikin Ƙaramar Hukumar Kaura, wanda ya bar kamfani mai zaman kansa a Kafanchan ya kama aikin gwamnati, yakan tambayi makomar kuɗin fanshon da aka tara masa a tsohon wurin aikinsa: ya bar su inda suke, ko ya mayar da su wani kamfani?

A ƙarƙashin Dokar Gyaran Fansho ta 2014, asusun ajiyar fansho mallakin ma'aikaci ne, kuma lambarsa ba ta sauyawa idan ya sauya aiki. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya miƙa wannan lamba ga sabon wurin aikin domin a ci gaba da zuba masa kuɗi. Hakan ya shafi ma'aikatan Jihar Kaduna, inda tsarin fansho na karo-karo ya fara aiki gadan-gadan a Janairun 2017.

Mayar da asusun zuwa wani kamfani zaɓi ne na daban. Hukumar Kula da Fansho ta Ƙasa, PenCom, ta buɗe ƙofar yin hakan a ranar 16 ga Nuwamba, 2020. Ana yin sa sau ɗaya a shekara, kyauta, ta hannun kamfanin da ake son komawa, bayan tantance lambar NIN da hoton yatsa. Wanda ya yi rajista kafin Yulin 2019 sai ya fara sabunta bayanansa a kamfanin da yake.

Sai dai akwai abin da sauyin ba ya magancewa. Idan tsohon wurin aiki ya cire kuɗi daga albashi bai zuba ba, bashin yana nan a wuyansa, domin sabon kamfani zai karɓi abin da ke cikin asusun ne kawai. Haka ma haƙƙin shekarun da ma'aikacin gwamnati ya yi kafin tsarin karo-karo: gwamnati ce za ta biya. Tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa na Kafanchan da ke karɓar fansho daga hukumar PTAD kuwa suna kan tsohon tsari ne, wannan dama ba ta shafe su ba.

Saboda haka, kafin ma'aikaci ya sa hannu, ya karɓi takardar bayanin asusunsa ya gwada ta da takardun albashi, wata bayan wata. Ya kwatanta ribar da kamfanonin suka samar cikin shekaru da dama a rukunin asusu iri ɗaya, domin ribar shekara guda ba ta isa ma'auni ba. Ya kuma duba kusancin ofishi, ganin cewa zirga-zirga daga Manchok zuwa Kaduna na cin kuɗi da lokaci, musamman ga mai shirin ritaya.

Idan asusun ya cika daidai, ribar ba ta gaza ta sauran kamfanoni ba, kuma ana sauraron kokensa, babu dalilin gaggawa. Idan kuwa akwai giɓi a asusun, ya fara bin sawunsa a wurin aikin da ya riƙe kuɗin, ko ya kai ƙorafi ga PenCom, kafin ya yi maganar sauya kamfani.