Kalmar « pont » da gyaran tarakta a Karofan

A Adar, inda Projet Keita ya shigo da manyan injuna daga 1984, sunayen kayan tarakta na Faransanci ne. « Pont avant » ba gada ba ce, ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun gaba ne. A tarakta mai ja da ƙafa huɗu, cikinsa akwai difaransiyal, wato haƙoran da ke barin ƙafar waje ta fi ta ciki gudu a kwana.

Bakanike da kunne yake bincike. Ƙara a kwana kaɗai tana nuna « satellites ». Kuka a miƙaƙƙiyar hanya kuwa, « pignon » da « couronne ». Sai ya tsiyaye mai, ya duba garin ƙarfe. Waɗannan biyun tare ake canza su. Fassarar da ta kira kowanne « haƙori » za ta sa manomi ya sayo ɗaya kawai daga Madawa, ya yi asara.