Kafa Kanta Marar Ƙafa a Bangon Allon Jifsam

Makasudin wannan ɗan rubutu shi ne a bayyana dalilin da ya sa kantar da aka kafa a bangon allon jifsam takan faɗo da littattafan da ke kanta, da kuma yadda za a kauce wa haka.

Da farko dai, shi wannan bango ba na tubali ba ne. Jifsam ne, wato irin ma'adinin da ake yin silin fi'ofi da shi, aka matse tsakanin takardu biyu masu kauri. Wani Ba'amurke, Augustine Sackett, shi ya yi rajistar kakan wannan allo a 1894, kuma yau da shi ake raba ɗakuna a galibin sababbin gidajen Amurka da Ingila. Kaurinsa yakan kai milimita 12.5 kawai. Bayansa kuwa fanko ne, sai ginshiƙan katako ko na ƙarfe da ake jerawa, santimita 40 ko 60 tsakaninsu.

Ita kuma kanta marar ƙafa, madogarinta a ɓoye yake: faifan ƙarfe ne ake ɗaurawa a bango, sandunansa su shige cikin katakon. A nan gizo ke saƙar. Alal misali, a ce faɗin kantar santimita 25 ne, daga sukurorin sama zuwa gindin faifan kuma santimita 5. In aka aza kilo 10 a bakinta, to, fizgar da sukurorin nan za su sha ta kai ta kilo 50, don kuwa kantar ta zama kamar ƙarfen cire ƙusa. Jifsam ba ya jure wannan. Sai ya riƙa marmashewa a hankali, mai ɗaki bai sani ba, har ranar da ƙamus zai sauko.

Ke nan, aikin farko shi ne neman ginshiƙi. Akan ƙwanƙwasa bangon, inda amo ya mutu, nan yake. Amma mayen ƙarfe ya fi kunne gaskiya, domin yakan manne wa kawunan sukurorin da suka riƙe allon. Sai a ja layi da ma'aunin ruwa na magina, a huda, a sa sukuru mai tsawon da zai ratsa allon ya nutse sosai cikin katako. A kiyayi huda daidai saman soket ko gefensa, ta nan wayar lantarki takan bi.

Inda ba a dace da ginshiƙi ba, akwai sukuru mai fukafukai da ke buɗewa a bayan allo. Yana da amfani, amma a ganina kantar da ta dogara gare shi kaɗai ta hoto da turare ce, littattafai a nema musu ginshiƙi.