Ƙulli da Warwara: Gardamar Masu Kacici-kacicin Jaridun Birtaniya

Shirinmu na yau zai leƙa wani shafi da ke can ƙarshen jaridun Birtaniya, inda ake zana ƙananan gidaje farare da baƙaƙe, a ce mutum ya cika fararen da haruffa har kalmomi su gitta juna. A Amurka aka fara wasan, a watan Disamba na 1913, lokacin da Arthur Wynne ya buga na farko a jaridar New York World. Amma da ya tsallaka Ingila sai ya sake kama. Maimakon a tambayi mutum ma'anar kalma kai tsaye, sai aka koma ƙulla masa jimla mai fuska biyu: a sama tana ba da wani labari, a ƙasa tana ɗauke da umarnin yadda za a harhaɗa amsar. Edward Powys Mathers, wanda ya riƙa sa hannu da sunan Torquemada a jaridar Observer daga 1926, yana cikin waɗanda suka kafa wannan salo. Tun daga lokacin ake gardama a kan abu guda: iya ina mai ƙulli yake da damar ɓatar da mai warwara?

Bari mu gwada da Hausa, don kunne ya ji yadda abin yake. A ce an rubuta: gari ya hargitse saboda tufa, haruffa huɗu. Wanda bai san dawan garin ba zai hango tarzoma a kasuwa. Gwani kuwa zai lura cewa hargitsewa umarni ne, a dagula haruffan gari a sake jera su, sai riga ta fito, kuma riga tufa ce. Kun ga hanya biyu aka shimfiɗa zuwa amsa ɗaya, kowace tana yi wa ɗayar shaida. Ko a ce: bishiya da hawaye, haruffa huɗu. Amsar ita ce kuka. A bakin mai magana, karin sauti zai raba kukar miya da kukan yaro nan take, amma rubutunmu na boko bai nuna karin sauti, don haka a takarda tarkon yana kamawa sarai.

To, a nan gardamar take. Derrick Macnutt, malamin makaranta da ya gaji Torquemada a 1939 ya kuma ɗauki sunan Ximenes, ya fitar da littafi a 1966 inda ya shimfiɗa ƙa'idojin adalci a wannan sana'a. Gundarinsu shi ne kowace kalma a cikin jimlar ta kasance tana da aikin yi, ma'anar amsa ta zama daidai, nahawun umarnin kuma ya tsaya da ƙafarsa. Ya ƙi yarda, misali, a ɓoye haruffan da za a dagula. Da za a ce birni ya hargitse saboda tufa, sai mai warwara ya fara cankar cewa gari ake nufi da birni, ba alƙarya ko maraya ba, sannan ya dagula abin da ba a ba shi ba. Wannan ya tashi daga wayo ya koma zalunci, kuma ina ganin gaskiyar Ximenes a nan. Daɗin wasan duka yana cikin lokacin da mutum ya gane amsa, ya waiwayi jimlar, ya ga ashe tun farko an faɗa masa komai, shi ne bai ji ba. In ya waiwaya ya tarar an ɓoye masa wani abu, haushi zai ji, kuma gobe ba zai amince da mai ƙullin ba.

Akwai masu ja, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suna cewa tsananta doka yana kashe armashi, suna kafa shaida da John Graham, limamin coci da ya fara ƙulla wa jaridar Guardian a 1958, wanda aka sani da Araucaria. Yakan sassauta ƙa'ida idan barkwanci ko kyan jimla ya buƙata, kuma da wuya a sami wanda masu warwara suka ƙaunata kamarsa. Da ciwon daji ya kama shi, a cikin wasan ya sanar da masoyansa, ya sa sunan cutar da na jinyar da ake masa suka zama amsoshi. Ya rasu a 2013. Sai dai in aka duba da kyau, abin da Araucaria ya sassauta siffar doka ce, amanar kuwa ya riƙe ta. Masu warwara sun san halinsa, sun san in sun daure za su isa, kuma za su ga dalili. Sabon shiga da ya kwaikwayi sakacin ba tare da gwanintar ba, shirme kawai zai tara.

Wasu kuma sukan ce duk wannan ɓata lokaci ne na 'yan boko. Gaskiya ne wasan yakan jingina ga sanin wasan kurket, da adabin Ingilishi, da gajerun sunayen da sai ɗan ƙasa ya sani, kuma wannan yana korar baƙo. Amma batun ɓata lokaci, hukumomin Birtaniya ba su ɗauke shi haka ba. A 1942 jaridar Daily Telegraph ta shirya gasar warware wasanta cikin ƙasa da minti 12, daga baya aka tuntuɓi wasu daga cikin gwanayen don aikin fasa saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park. Abin da ake nema a wurinsu shi ne iya ƙin yarda da ma'anar farko da ido ya gani.

Mu ma da muka tashi da ƙulun ƙulufit a dandali mun san wannan sharaɗi na adalci tsakanin mai ƙulli da mai warwara. Wanda ya kasa amsa yakan ba da gari a faɗa masa, amma in amsar ta fito ba ta dace da tambayar ba, yara ba sa yin shiru, nan take musu zai kaure. Irin musun da masu karanta Guardian da Times ke yi ke nan kowace safiya a kan kalma ɗaya da suke ganin ta yi yawa a jimla, kuma masu ƙullin suna saurare, domin da wannan ƙorafin suke auna na gobe.